Waƙar mai cin kabewa ba ta dace da ajin yaranmu ba

Kwanan baya 'yar ƙanwata mai shekara huɗu ta dawo daga makaranta tana rera wata waƙar Turanci, tana tafi tana juyi. Da na kasa kunne sai na gane waƙar Peter ce mai cin kabewa. Ga abin da take cewa: mutumin yana da mata amma ya kasa riƙe ta, sai ya cusa ta cikin ɓawon kabewa, a nan ya tsare ta. Yarinya na rerawa da murna, ba ta san me ke fita daga bakinta ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Waƙar tsohuwa ce, tana cikin wani littafin waƙoƙin yara da aka buga a birnin Boston na Amurka wajen 1825. Kuma ba banza kabewa ta shiga bakin yaran Amurka ba. Can nahiyar ce asalinta, an ma tono 'ya'yanta a wani kogo a Oaxaca ta Meziko da suka kai shekara 10,000. Tana daɗewa a ajiye ba ta lalace ba, don haka takan raka iyali har tsakiyar hunturu. Ranar bikin Godiya, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da gashin kabewa mai zaƙi a tebur ba. Daren 31 ga Oktoba kuma, na Halowin, yara kan rarake cikinta, su yanka mata ido da baki, su kunna kyandir a ciki. Mutanen Ailan ne suka kai al'adar; a ƙasarsu wata saiwa mai tauri suke sassaƙawa, da suka tarar da kabewa mai laushi sai suka koma mata.

Shi ya sa uwa Ba'amurkiya za ta dubi ɗanta mai kumatu ta ce masa "kabewata", ya ji daɗi har cikin ransa. Sunan na ɗauke da ƙamshin girkin gida da taron dangi. Haka Faransawa ke ce wa abin ƙaunarsu "kabejina", kuma a tatsuniyar Cinderella da Charles Perrault ya buga a 1697, kabewa ce ta rikiɗe ta zama keken doki.

A wurinmu fa? Kabewa 'yar tukunya ce. A fasa ta, a kwashe 'ya'yan, a fere, a dafa har ta narke, a haɗa da gyaɗa da yakuwa da alayyahu, miyar taushe ta samu. Har karin magana ta shiga: kabewar kan kabari, baƙin cikin masu taushe. Amma ka kira yarinya kabewa a Kano ka gani, kuka za ta fashe da shi, ta ɗauka girman kanta kake yi wa ba'a. Sunayen lallashi muna da namu: auta, shalele, 'yar lele, ga kaka na kiran jikanta "mijina".

Ba koyon Turanci nake ƙi ba, yaranmu na buƙatarsa ƙwarai. Damuwata ita ce a kwaso waƙa daga littafi a zuba wa yara ba tare da malama ta fara juya ta zuwa Hausa a ranta ta ji ko za ta iya faɗa wa 'yarta haka ba. Wasu za su ce ai sauti kawai yaro ke kamawa. To, yarinyar nan za ta girma, Turancinta zai nuna, wata rana ta gane cewa da labarin mijin da ya kulle matarsa aka fara buɗe mata baki. Waƙoƙin ƙirge da na sunayen dabbobi suna nan birjik da Turanci, a zaɓi cikinsu.

Da yamma na aika aka sayo yankin kabewa a bakin kasuwa, na zaunar da ita kusa da ni ina ferewa. Ta sa hannu ta damƙo 'ya'yan masu yauƙi, ta ce, "Umma, mutum zai shiga cikin wannan?" Na ce mata a'a, ta miƙo mini kwano mu wanke alayyahu.