Wa ke cin haƙƙin talaka a gidajen Lokos?

Na gaji da wata magana da ake yawan yi a majalisu da wuraren ɗaurin aure a garin nan na Kaduna, wai mazauna gidajen Lokos cima-zaune ne, gwamnati ta ba su muhalli a banza, sannan su ne kan gaba a layin karɓar tallafi. Makon jiya wani dattijo ya maimaita ta a gabana, har ya ƙara da cewa unguwannin sun zama matattarar 'yan shaye-shaye. Na yi shiru saboda furfurarsa, amma raina ya yi mummunan ɓaci, domin shekarata goma sha ɗaya a ɗaya daga cikin waɗannan gidaje, kuma ko dare ɗaya ban taɓa kwana a cikinsa kyauta ba.

Gaskiya ne an gina irin waɗannan gidaje da sunan masu ƙaramin ƙarfi. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, tsakanin 1979 da 1983, ta gina su a jihohin ƙasar nan, kuma na Barnawa har yau da sunansa ake kiransu. Amma duk wanda ya shiga ya tambaya gida-gida zai tarar da yawanmu 'yan haya ne. Wanda nake ciki an yi cinikinsa ya wuce hannu da hannu har ya faɗa wa wani attajiri mazaunin Abuja wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba, wakilinsa kawai na sani, shi ma sai ƙarshen shekara idan ya zo da takardar ƙarin kuɗi. Rufin ɗakin 'ya'yana yana yoyo tun damina uku da suka wuce, masai ya cika mu muka yi karo-karo aka kwashe, famfo kuwa ya zama ado, a hannun 'yan garuwa muke sayen ruwan sha da na wanka. Wannan ita ce kyautar da ake yi mana gori a kanta.

Ni malamin makaranta ne, kuma tun 1992 doka ta tanadi a riƙa cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci a zuba a asusun gidaje na ƙasa. Lokacin da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta sa gidajen ma'aikata a kasuwa ta hanyar gwanjo, kowa ya san ba mai albashi irin nawa ne zai iya tayawa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne halin maƙwabciyata, wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar mata marayu biyar, tana riƙe da su da tuyar ƙosai. Bayan an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da shirin bai wa gidaje miliyan 15 Naira 25,000 duk wata har wata uku. Da masu rubuta sunaye suka zagayo, ta fito da katinta, sai wani matashi daga cikinsu ya dube ta ya ce, "Hajiya, ke da kike gidan gwamnati, me za ki yi da tallafi?" Ta ce, "Ɗana, haya nake yi, bashin wata huɗu ma ake bi na." Ya rufe littafinsa ya wuce. Sunan unguwar da ake zagin ta da shi, shi ne kuma ya hana ta abin da ake zargin ta da wawura.

Ba na musun cewa akwai masu ha'inci a cikin talakawa. Na san wanda ya rubuta sunansa a mazaɓa biyu, kuma ban yaba masa ba. Sai dai a auna: ko ya yi nasara sau biyu, abin da ya ci bai wuce Naira 150,000 ba. A watan Janairun 2024 kuwa an dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, bisa zargin ba da umarnin tura Naira miliyan 585 zuwa asusun wata mata. A watan Oktoban 2020 duniya ta ga rumbunan abincin tallafin korona maƙare a garuruwa da dama, bayan an daɗe ana ce wa mutane su yi haƙuri. Me ya sa idan ana maganar cin amanar tallafi ba a tuna waɗannan, sai mai tuyar ƙosai? An bar jaki ana dukan taiki.

Batun shaye-shaye kuwa, a nuna mini unguwa ɗaya daga Kawo zuwa Sabon Tasha da ta tsira daga wannan annoba. Bambancin kawai shi ne ɗan mai kuɗi yana sha a bayan doguwar katanga, namu kuma ba su da katangar.

Abin da nake nema a wurin hukuma shi ne ta zo ta ƙirga mu, ta rubuta wa ya mallaki kowane gida da wa ke kwana a ciki, ta kafe jerin a inda kowa zai karanta, haka ma sunayen waɗanda suka karɓi tallafi a kowace mazaɓa. Wa'adin hayata zai cika ƙarshen watan gobe, kuma wakilin mai gida ya riga ya aiko cewa idan ba zan iya sabon farashi ba, akwai masu jira.