Hana mota shiga ba shi ke rayar da kasuwa ba, ku leƙa Kurmi ku gani

Jama'a ina ta ganin ana yaɗa hotunan titunan kantuna na Turai da Santambul, an shimfiɗa intalok an dasa bishiyoyi, babu mota ko ɗaya sai mutane suna ta zirga-zirga da ledojin sayayya, a ƙasa kuma a rubuta wai da za a yi mana haka a Kano da kasuwanninmu sun farfaɗo. Wallahi ni ma ina son haka, babu wanda ya kai ni gajiya da cunkoson Bata, amma dai mu daina ɗauka cewa da an sa shinge an hana mota shikenan ciniki ya dawo.

Ga Kurmi nan. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 take, ayarin raƙuma daga Agadas da fataken goro daga Gwanja duk nan suke sauke kaya, kuma har gobe mota ba ta shiga lungunanta, wani layin ma in kun yi kiciɓis da mai baro sai ɗayanku ya raɓe jikin rumfa. Abin da ake cewa a yi mana ɗin ita ai da shi aka haife ta. To amma ka shiga layin 'yan sirdi ko na dukawa da hantsi ranar da ba lokacin sallah ba, za ka tarar da dattijo zaune kan buzu, jakunkunan fata da linzami da kayan doki a rataye sun yi ƙura, rediyo na gefensa, shi kuma yana jan carbi, kana gittawa zai ɗago kai ya ce bismillah Alhaji ko da abin da ake buƙata, kuma daga yadda ya faɗa za ka gane tun safe bai yi cinikin fari ba. Abin yana taɓa min zuciya sosai, domin aikin hannun da ke rumfar nan ba ko'ina ake samun irinsa ba.

Ba mota ce ta rage wa Kurmi armashi ba, hanya ce ta canza. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da fata suka kafa kantunansu kusa da tasha, Kwarori suka zauna a Fagge, Sabon Gari ta tashi, sai babban ciniki ya fice daga cikin ganuwa ya bi inda kaya ke sauka. Su ma waɗancan manyan kantunan da iyayenmu ke ba mu labari, su Kingsway da Leventis da UTC, nasu lokacin ya zo ya wuce, musamman bayan tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986 da darajar naira ta zube ma'aikacin da ke shiga ya yi sayayyar wata ya koma awo da kwano. Yanzu kuma gari ya miƙe, mutane sun koma Rijiyar Zaki da Ɗanbare da Mariri da Na'ibawa, kowace unguwa ta yi filazarta, Zoo Road ta cika da shaguna, ga matan aure suna sayar da atamfa da leshi a status ɗin WhatsApp, kin zaɓa kin yi taransifa yaro ya kawo miki har ƙofar gida. Wace ce za ta biya kuɗin adaidaita biyu ta shiga rana saboda turmi ɗaya? Kai ko Ado Bayero Mall da ke da esi da filin fakin, cikinta kuma da ƙafa ake yawo, ai Shoprite ta tattara ta bar ta a farkon 2024. In aljihun mai saye ya bushe babu irin adon titin da zai sa ya saya.

Su ma can ɗin da ake ɗauko hotunansu ba ko'ina abin ya yi ba. A Kopenhagen ta Denmak an rufe wa motoci babban titin kantunansu a 1962 kuma ya karɓu, amma mutane suna zaune ne a kewayen wajen, ga keke ga bas ga jirgin ƙasa da ke ajiye su a bakin titin. A Amurka kuwa garin Kalamazoo ne ya fara a 1959, garuruwa da yawa suka kwaikwaya don su yi gasa da manyan kantunan bayan gari, ƙarshe yawancinsu suka sake buɗe wa motoci, ita kanta Kalamazoo ta buɗe a 1998, Shikago ma ta rufe State Street a 1979 ta dawo ta buɗe a 1996. Dalilin a fili yake, masu sayen sun riga sun ƙaura bayan gari kuma da mota suke zuwa ko'ina, da aka hana motar sai ragowar ma suka daina zuwa.

Inda nake ganin abin zai yi mana amfani shi ne wajen da mutane suka riga suka yi yawa har suna takura juna, Kantin Kwari da Singa da wajen Bata da Beirut Road. Nan ba rashin jama'a ne ciwon ba. Ka tsaya bakin Kwari da azahar ka kalla, babbar mota ta tsaya tsakiyar layi ana sauke diloli, adaidaita sun yi cirko-cirko kowa na danna hon, ɗan dako da dila a ka yana ta gafara gafara, mai tebur ya cinye rabin hanya, ga wata baiwar Allah da goyo tana riƙe da hannun yarinya tana neman inda za ta sa ƙafa tsakanin taya da kwata. Wannan matar ba za ta tsaya ta duba shago biyar ta zaɓi abin da ranta ke so ba, na farkon da ta samu za ta saya ta gudu, wani zuwan kuma waya za ta buga a aiko mata. Cinikin da ake asara kenan kullum kuma babu mai lissafa shi. Ga kuma maganar rai da dukiya, gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016 da ambaliyar da ta shiga Kwari a 2022 sun isa su nuna mana abin da ke faruwa in an toshe hanyoyi da magudanan ruwa, in wuta ta tashi ta ina motar kwana-kwana za ta bi?

Saboda haka ni ina goyon bayan a ware wasu layuka a ce daga hantsi zuwa bayan la'asar ƙafa kawai, manyan motoci su sauke kaya da asuba ko da daddare, 'yan dako da masu baro su ci gaba da aikinsu don su ne jijiyar kasuwar. Amma sai an tanadi inda adaidaita za ta sauke mutum kusa, ba a jefar da tsohuwa can nesa a ce ta tako ba. Mun ga abin da ya faru da aka hana acaɓa a 2013, buƙatar shiga kasuwa ba ta tafi ko'ina ba, adaidaita ce ta cike gurbin har ta fi cin hanya. Sannan inuwa, don Allah inuwa, zafin Kano a watan Afrilu yana haura digiri 40, titin da babu rumfa babu bishiya babu ruwan sha babu banɗaki mai tsafta babu wanda zai yi yawo a kansa komai kyan intalok ɗinsa.

Babban tsorona ma ba wannan ba ne. Fili a tsakiyar Kano ba ya kwana babu mai shi. Yau ka kori mota, gobe wani ya kafa tebur, jibi a sa kwantena, kafin shekara an yanka wajen an sayar an ɗora bene, hanyar da a da ko ba komai mota na bi yanzu ko baro ba ya wucewa. In za a yi, a fara da layi ɗaya a Kwari, a zauna da 'yan kasuwar layin da shugabannin 'yan dako da masu tebur a ji ta bakinsu, a gwada a goman ƙarshe na azumi lokacin da cunkoso ya fi tsanani, a kuma rubuta a takarda kowa ya sa hannu cewa ko taku ɗaya na filin nan ba za a sayar wa kowa ba.