Ba Kowane Ragin Black Friday Ne Ragi Ba

Mutane da yawa sun ɗauka Black Friday, wato Juma'ar da ke bin bikin Thanksgiving na Amurka a ƙarshen Nuwamba, ita ce ranar da kaya suka fi araha a shekara. Ba haka ba ne. Ƙungiyar kare masu saye ta Which? a Birtaniya ta sha bin diddigin farashi, ta tarar yawancin kayan ana samun su a wannan kuɗin, ko ƙasa da haka, a wasu watannin. Wasu shagunan ma ɗaga farashi suke yi tukuna, sannan su ja masa layi su rubuta ragi. Talabijin da kwamfuta kan sauka da gaske, amma sai wanda ya san kuɗinsu tun Oktoba zai gane.