Manhajar Da Ta Ƙi Mutuwa

Kun san manhajar nan ta Python da muke buga rasit da ita, mai zare (thread, wato sashen manhaja mai gudanar da aikinsa daban) huɗu suna jan aiki daga layin jira ɗaya. Ranar Talata oga ya tsaya a kaina, ya ce in nuna masa yadda ake kashe ta.

Na danna Ctrl+C. Shiru. Na sake dannawa, tana ta aikinta. Oga ya gyara tabarau ya ce, "Malam, ko madannin ne ya lalace?" Na ce, "A'a ranka ya daɗe, yanzun nan za ta tsaya." Na danne maɓallan biyu na riƙe, gumi na bin bayana, ga 'yar bautar ƙasa a gefe ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta sai rawa suke.

Ashe mutumin naku na teburin kusa da taga ne ya nannaɗe babban madauki (loop, aikin da manhajar ke ta maimaitawa) da except: pass tsirara, wato umarnin a kama kowane kuskure a yi shiru. Ctrl+C na tayar da KeyboardInterrupt, wato saƙon a katse aiki, ne a babban zare kaɗai, shi kuwa wannan except ɗin komai ya zo haɗiyewa yake. Da except Exception ya rubuta, da ya bar shi ya wuce. Yana can yana kurɓar shayi, ko ɗago kai bai yi ba. Mutumin da tun azumi yake riƙe da cajata!

Na cire except ɗin, na sake danna Ctrl+C. Babban zare ya fita, amma huɗun nan suna kwance cikin get() marar wa'adi, suna jiran aiki daga layi, Python kuma sai ta jira duk zaren da ba daemon ba kafin ta rufe (daemon shi ne zaren da ake yankewa da zarar babban ya fita). Oga ya duba agogo.

Sai ga muryarsa daga taga: "Sa daemon=True mana." Ta mutu kam, nan take, rasit ɗin ƙarshe ya yanke a tsakiyar layi.

Da daddare na zauna: threading.Event guda a matsayin tutar tsayawa, kowane zare yana get(timeout=1), wato jiran daƙiƙa ɗaya, sannan ya leƙa ko an ɗaga tutar, ya ƙarasa abin da ke hannunsa, ya rufe fayil cikin finally (sashen da ke gudana ko da an samu kuskure), babban zare kuma ya bi su da join() ɗaya bayan ɗaya yana jiran su gama. SIGTERM, saƙon da ke neman manhaja ta rufe kanta, ma na ɗaure shi da tutar, tunda docker stop, umarnin tsayar da manhaja a Docker, daƙiƙa 10 kacal yake jira kafin SIGKILL, mai kashewa da ƙarfi.

Washegari oga bai zo ofis ba. Na nuna wa na taga, ya ce shi dai kill -9, wato tura SIGKILL kai tsaye, bai taɓa ba shi kunya ba. Cajar ma wai ya manta ta a gida.