Wa ke zaɓen wanda zai hau dandali?

Duk lokacin da aka tayar da ƙura kan wanda aka ba wani matsayi a wasan kwaikwayo, sai ka ji ana cewa ai aikin ɗan wasa ke nan, ya zama wanda ba shi ba. Gaskiya ne. Sai dai shekaru aru-aru wannan gaskiyar ɓangare ɗaya take yi wa aiki.

Dubi Othello, baƙar fatar kwamandan yaƙi a wasan kwaikwayon Shakespeare, marubucin Ingila. Turawa ne suka daɗe suna fitowa a matsayinsa, su shafe fuska da baƙin fenti. Ko a 1964 haka Laurence Olivier ya yi a Landan, aka yi ta tafa masa. Amma da Ira Aldridge, baƙar fata ɗan Amurka, ya fito a matsayin nan a gidan wasan Covent Garden da ke Landan a 1833, wasu jaridu suka yi masa caa, sau biyu kacal ya yi aka tsayar da wasan. Wato Bature na iya zama kowa, baƙar fata kuwa ko mai kama da shi ba a yarda ya zama ba.

An samu sauyi, ba musu. Wasan Hamilton, wanda aka fara a 2015, ya sa baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka sun fito a matsayin waɗanda suka kafa Amurka, kuma tikiti ya yi ta ƙarewa. Duk da haka, a 2024 Francesca Amewudah-Rivers, baƙar fata 'yar Birtaniya, ta sha zagin wariyar launin fata a intanet don kawai an ba ta matsayin Juliet a wasan Romeo and Juliet na Shakespeare.

Ni ba na goyon bayan a ce kowa sai irinsa zai fito. Wannan zai kashe sana'ar. Abin da ya fi damuna shi ne mun cika kallon fuskar da ke kan dandali, mun manta da mai riƙe da lalita. A 1990 ƙungiyar 'yan wasa ta Amurka ta ƙi yarda Jonathan Pryce, Bature, ya fito a matsayin ruwa-biyu mai jinin Asiya a wasan Miss Saigon. Mai shirya wasan, Cameron Mackintosh, ya ce to ya fasa kai shi Broadway, cibiyar manyan gidajen wasan kwaikwayo a New York. Ba a jima ba ƙungiyar ta janye, Pryce ya fito a 1991.

Shi ya sa maganar marubuci August Wilson, baƙar fata ɗan Amurka, ta 1996 ke da nauyi har yau. Ya ƙi tsarin rufe ido ga launin fata wajen zaɓen 'yan wasa, ya ce abin da baƙaƙe ke buƙata shi ne gidajen wasa nasu da kuɗin gudanar da su. Ban yarda da shi gaba ɗaya ba, domin hana baƙar fata fitowa a wasan Hamlet na Shakespeare ma tauye shi ne. Amma ɗan wasan da aka gayyato bana, ana iya ƙin gayyatarsa baɗi, muddin darakta da marubuci da hukumar gidan wasan duk daga ɓangare ɗaya suka fito.