Hoton wa za a ɗora a bango?

Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, jama'a, maganar ce ta ƙi taƙaituwa.

A wannan zangon karatu an ba ajinmu aikin haɗa mujalla, kowane rukuni ya zaɓi fanninsa. Wasu suka ɗauki kokowa, wasu kwalliya, mu da wasu rukunai muka ɗauki fim. An gama, an miƙa, an ba da maki. Ra'ayin da na fito da shi daga aikin shi ne: duk mujallar fim da ɗalibi zai haɗa a nan Yamai, in dai abin da ke cikinta mutum zai iya samunsa a wayarsa kafin shayi ya tafasa, to ɓarnar takarda aka yi, komai sheƙinta.

Na duba ayyukan sauran rukunan, kuma ba raina kowa nake yi ba, don na san an sha wahala. Amma kusan duk tafiyarsu ɗaya. Jarumar Kano a bango, hoton da aka sauko da shi daga Instagram ba tare da sanin mai shi ba, a ciki kuma wane ya auri wance, wance ta yi faɗa da wance. Ni ma da finafinan Kano na tashi, har gobe ina kallo, kuma ban ga laifin a yi rubutu a kansu ba. Sai dai mu tuna yadda masu wannan sana'a suka yi tasu. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya fara fitarwa a Kaduna a 1999, abin da ya sa ta yi daraja shi ne wakilanta suna takawa har inda ake ɗaukar fim, su zauna da darakta, su ɗauki hotonsu da kansu, su kawo maganar da ba wanda ya riga su ji. A shafukan mujallar Tauraruwa ta Kano ma sunan Kannywood ya fara bayyana. In kwaikwayo za mu yi, wannan takawar ya kamata mu kwaikwaya. Ɗalibin da ke zaune a Yantala ko Talladje ba shi da abin da zai ƙara a kan labarin Kano, sai dai ya maimaita.

A rukuninmu rigimar a kan bango ta tashi. Na kawo shawarar mu buɗe da tarihin fim na ƙasarmu, sai wata ƴar'uwa a cikinmu ta ce, "Haba ɗan'uwa, wa zai ɗaga mujalla don ya ga hoton tsoho baƙi da fari? Ka bari mu sa fuskar da mutane suka sani." Kuma tana da gaskiyarta. Aikin bango ke nan, ya tsayar da mai wucewa. Sai na tambayi rukunin wane ne Oumarou Ganda. Dukkanmu mun sha shiga cibiyar al'adu mai ɗauke da sunansa, kallon mawaƙa ko wasan kwaikwayo. Wani ya ce yana jin tsohon minista ne.

Mutumin nan haifaffen Yamai ne, a 1935. Ya yi sojan Faransa a yaƙin Indoshin, ya dawo ya tafi Abijan yana dako a tashar jirgin ruwa, can ya haɗu da Jean Rouch, wani Bafaranshe mai shirya fim, wanda ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Daga baya ya riƙe kyamara da kansa, ya yi Cabascabo a kan sojan da ya dawo gida, dukiyarsa ta ƙare, abokai suka watse. A 1972, shekarar da bikin finafinan Afirka na Wagadugu, wato FESPACO, ya fara ba da babbar kyautarsa ta Dokin Yennenga, shi ya ɗauke ta da Le Wazzou polygame. Kafin kowa a Afirka, ɗan Nijar ne ya riƙe wannan doki. Ya rasu a 1981. Yanzu ku gaya mini, ɗalibin aikin jarida da bai san wannan ba, laifin wa? Kuma in mujallar ɗalibai ba ta faɗa ba, wace ce za ta faɗa?

Ni da nake ɗan Tawa, abin da ya fi ci mini rai shi ne na Moustapha Alassane. Ya yi shekaru masu yawa a garinmu, yana da masaukin baƙi, a can kuma yake aikin zanensa, har ya rasu a 2015. Tun a 1966 ya yi fim ɗin zane mai motsi, Bon voyage Sim, inda kwaɗi suke da shugaban ƙasa da jerin gwanon tarba da komai, habaici ne ga masu mulki. A shekarar dai ya yi Le Retour d'un aventurier, samarin ƙauye sun samu kayan kaboyi sun hau dawaki sun addabi gari, da Zalika Souley da Djingarey Maïga a cikin ƴan wasa. Ga mai tsara mujalla wannan mutum taska ne, don mai zane ne kafin komai. Kwaɗonsa ɗaya a bango ya isa ya tsayar da mai wucewa. Ba mu sa ba, saboda zane yana da masu shi, kuma ba mu kai ga samun izinin iyalinsa ba kafin ranar miƙa aiki. Na fi son a rasa hoto mai kyau da a koya wa ɗan jarida sata tun yana aji.

Abin da ya raba gardamar wani dattijo ne da aka yi mana kwatancensa, wanda ya yi aikin haska fim a zamanin da gidajen silima irin su Vox da Jangorzo suke cika. Mun same shi a ƙofar gida bayan la'asar. Da ya gane abin da ya kawo mu, ya aiki jikansa ya ɗauko wani gwangwani mai faɗi, duk tsatsa, ya buɗe shi da gefen cokali. Naɗin fim ne a ciki, yana wari kamar ruwan tsami. Ya warware kamar kamu ɗaya ya ɗaga wa rana, ya ce, "Ƴaƴana, ku duba nan, in ya tsinke ana cikin kallo, a duhu nake liƙa shi, ƴan kallo suna ta ihu suna zagina." Ƴar'uwar nan tamu da ta ƙi hoton tsoho, ita ta durƙusa ta ɗauki hoton. Yatsunsa ne kawai suka fito, da zaren fim ɗin, da hasken yamma yana ratsa shi. Shi muka ɗora a bango. Babu wannan hoton a wayar kowa sai tata.

Sauran shafukan ba su ba mu wuya ba da zarar bango ya zauna. Tsakiyar mujalla muka ba masu aiki yanzu: Sani Magori na Galmi, da ya yi fim a kan albasar garinsu a 2008, da Aïcha Macky ta Damagaram, da Rahmatou Keïta wadda ta adana tarihin Zalika Souley a fim tun Zalikar tana raye. Muka yi hira da wani matashi mai tura finafinai a waya a bakin kasuwa, don a yau shi ne gidan silimar talaka, kuma ya fi kowane masani sanin abin da mutane suke nema.

Bari in taɓo ɓangaren tsarawa, don nan ne ɗalibai suke ɗauka aikin yake gaba ɗaya. A kwamfuta komai kyau yake yi. A wurin mai buga takarda ake gane gaskiya. Da muka kai masa gwaji, ya sa gilashi ya duba shafi ɗaya, ya nuna wani hoto da yatsa ya ce, "Yaro, wannan ta WhatsApp aka turo maka shi." Haka ne kuwa. Manhajar tana matse hoto, a fuskar waya ba a gani, amma a takarda fuskar mutum ta koma ƴan murabba'ai. Bugu mai kyau yana son hoto mai ɗigo 300 a kowane inci. Ya kuma nuna mana cewa shuɗin da ke ƙyalli a kwamfuta haske ne, shi kuwa da tawada kala huɗu yake aiki, don haka dole launin ya ɗan mutu. Sannan shafuka su tafi huɗu-huɗu, 16 ko 20 ko 24, tunda kowace takarda ninke ta ake yi biyu a ɗinke ta tsakiya. Wanda ya zo da shafi 22, ko ya yanke ko ya ƙara. A tsaye ya faɗa mana duk wannan, yana goge hannu da tsumma, kuma a ganina ya kamata a kai kowane aji maɗaba'a tun makon farko.

Sai batun harshe. Mun yi tamu da Hausa, sunayen finafinai kawai muka bari yadda masu su suka sa. Wasu suka ce aikin makaranta ai da Faransanci ya fi kwarjini. To, tun 2025 dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma ko ba don haka ba, da wane harshe ake gardamar fim a fada, wurin hirar samari? Wahalar ita ce, yawancin haruffan ado da ke cikin manhajojin tsara shafi irin su Canva ba su san ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba. Ka rubuta kanun labari da salo mai kyau, sai ka ga harafi ɗaya ya zama akwati, ko ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma. Mafita mai sauƙi ita ce a cire ƙugiya a wuce, kuma haka da yawa suke yi. Mu mun bar harafin ado muka ɗauki wanda bai kai shi kyau ba amma yana da ƙugiyoyinsa cif. Mun kuma tsaya a kan ƴ irin rubutun Nijar daga farko har ƙarshe, maimakon mu riƙa haɗawa da na Najeriya.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda ake auna irin wannan aiki. Abin da ido ya fara gani shi ke cin maki: takarda mai sheƙi, launi, tsarin shafi. Wanda ke da jikka goma ta bugu mai kyau ya riga wanda ya taka rana ya nemo hira. Ban ce tsari ba shi da muhimmanci ba, ni kaina na kwana ina gyara tazarar layi. Amma da ni ke ba da maki, tambayata ta farko ga kowane rukuni ita ce: wane hoto ne ku kuka ɗauka, kuma wa kuka zauna da shi? Rukunin da ya ce babu, sai ya koma.

Kuma a daina yi kamar takarda ce kaɗai hanya. Kwafin da muka buga bai wuce na malamai da na dattijon nan ba. Sauran mutane a waya za su karanta, kuma shafi mai layi uku a jere azaba ne a waya, sai ka yi ta ja da yatsa. Dole muka sake tsara wata ta daban, layi ɗaya, manyan haruffa, mara nauyi don kada ta cinye wa mutum mega. Wannan aiki na biyu ba ya cikin abin da aka ce mu yi, amma shi ne wanda ya kai ga jama'a.

Rukuninmu zai watse ƙarshen shekara, kowa ya kama gabansa, ajin da ke bayanmu kuma ya fara daga farko da sabon suna da sabon tambari. Da makarantun aikin jarida za su riƙe mujalla ɗaya kowane aji yana fitar da lamba ta gaba, da cikin ƴan shekaru an tara abin da babu shi ko'ina. Zalika Souley ta rasu a 2021, waɗanda suka yi zamani da ita ma ba yara ba ne. Hirar da muka yi da dattijon nan ta fi awa guda, shafi biyu kawai muka iya sakawa, sauran na nan a waya.

Ni dai in Allah ya kai mu hutu zan je Tawa da rikoda. Duk wanda ya san wani da ya yi aiki da Moustapha Alassane, ko da share masa ɗakin zane ne, ko yana da tsohon hoto na wurin, don Allah ya yi mini magana ta akwatin saƙo.