Wai tsohuwar gada ce ke kawo ambaliya?

Makon jiya na je ƙauyenmu gaisuwar rasuwa, na tarar an ture tsohuwar gadar da ke kan rafin gari, wadda ke tsaye kan ginshiƙan dutse tun zamanin En'e, an dasa kwalbati mai bututu biyu a wurinta an shafa fenti. Raina ya ɓaci ƙwarai, da na dawo Kaduna kuma sai na iske samarin garin suna ta murna a Facebook wai an kawar da "gadar Bature" ci gaba ya zo, wani har cewa yake ai ita ce ke tare ruwa duk damina. Haba jama'a!

Gadar nan fa ta girmi uban mai maganar, kuma da rani raƙumi da kayansa yana iya wucewa ta ƙarƙashinta, don duk wanda ya gina ta ya san iya inda ruwan ke kaiwa idan marka ta sauka. Yanzu an matse rafi guda cikin bututu biyu da ko yaro sai ya sunkuya zai shiga, toh dan Allah idan ruwan Agusta ya kwaso karan dawa da rassan itace da leda ina za su bi? Toshewa za su yi, ruwa ya koma baya ya shiga lambunan mutane, sannan ya ci gefen hanyar ya bar kwalbatin tsaye ita kaɗai a tsakiya. Duk mai bin hanyoyin karkara a jihar nan ya sha ganin irinta.

Abin da ke kashe rafukanmu a fili yake, kowa na gani. Tifa-tifa suna kwasar yashi dare da rana har gindin ginshiƙi, an mai da bakin rafi bola, fadamar da ruwa ke bajewa a cikinta an yanka ta fuloti an sayar. Ku dubi rafin Kubanni na Zariya kawai. Ya taso daga wajen Shika, ya ratsa Samaru inda aka datse shi aka yi dam ɗin ABU, ya wuce tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada yana kwasar sharar Zariya, ya faɗa Galma, Galma kuma ya zuba a kogin Kaduna. Kenan ruwan da ke korar mutanen Kigo Road da Bashama Road a nan garin Kaduna daga gidajensu daga irin waɗannan ƙananan rafukan yake taruwa, amma ba mai tuna su sai ranar rabon katifa da buhun shinkafa.

Masu cewa gadar ba za ta ɗauki tirela ba, ai filin gina sabuwa a gefenta bai ƙare ba, a bar tsohuwar wa masu ƙafa da mashin da shanu mana.

Maganar "kayan Bature" ce ma ta fi ci min rai wallahi. Bature ya zana a takarda, amma wa ya fasa dutsen, wa ya ɗauko shi a ka cikin rana? Kakanninmu ne, da yawansu ma aikin tilas, kamar yadda aka yi a layin dogon Baro zuwa Kano da ya isa Kano a 1911. Gumin su ne ake turewa da katafila. Ƙaramar gadar Gwamna Lugga da aka gina a Zungeru a 1904, ɗauko ta aka yi aka kafa a Gamji nan Kaduna, aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Ita an ga darajarta saboda sunan gwamna, ta ƙauye kuwa da ta yi shekara da shekaru tana kai masu naƙuda asibiti da manoma kasuwa ko hotonta ba a ɗauka ba.

Ya kamata ma'aikatar ayyuka da masu kula da kayan tarihi su zaga su ƙirga waɗanda suka rage, dagatai kuma su hana haƙar yashi kusa da kowace gada. Tamu dai ta tafi, ranar da zan taho na ga ana loda duwatsunta a amalanke za a kai wa wani ya zuba harsashin gida.